Ranar da Gashin Kulu Ya Dawo

Cikin duk shekarun da na yi ina sayar da magani a kasuwar Yelwa, akwai ranar da ta ƙi fita daga raina, ranar da aka kawo mini albishir har bakin shago na ji tsikar jikina ta tashi. Ku da kuke shigowa sana'ar nan yanzu kun sha tambayata abin da ya sa nake tsare mai saye da tambayoyi kamar alƙali kafin in miƙa masa kwalba. To, ga dalilin.

Ni ba likita ba ce, ban kuma gaji magani ba. Da kayan yaji na fara a bakin ruwa, citta da kanumfari da masoro a kan faifai. Da maigidana ya kamu da ciwon daji, 'yan'uwansa suka haɗa ƙarfi aka kai shi Indiya, ni na yi jinyarsa. A asibitin da muka zauna akwai sashen masu maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda. Ba su taɓa ce mana suna warkar da daji ba, aikinsu shi ne su sassauta wa mutum wahalar kemo. Bayan mun dawo Allah ya yi masa rasuwa. Ni kuma na riƙe abin da idona ya gani, na fara saro kayan daga hannun dilolin Kano, har na kai ga wannan shagon.

Ga wanda bai sani ba, kemo magani ne da ake ɗura wa mai ciwon daji ta jijiya, kamar ƙarin ruwa. Yawanci ana yi, a huta mako uku, a sake komawa, har a cika adadin da likita ya yanka. Yana kashe ciwon, amma yana taka mai ciwon a hanya. Amai, gyambon baki, abinci ya koma kamar toka a harshe, farce ya yi baƙi, gashi ya zube. Abin da kayanmu suke iya yi kaɗan ne: haɗin citta na tashin zuciya, ruwan kurkurar baki, man shafawa don fatar kai ta daina zafi. Ƙa'idata kuwa ɗaya ce. Mai kemo ba ya shan komai daga hannuna sai ya kai kwalbar likitansa ya gani, domin akwai ganyen da yake faɗa da maganin asibiti a cikin jiki. Kuma akwai abin da na sani kamar yunwar cikina: babu man da yake tsirar da gashi alhali kemo yana cikin jini. Sai an daina yake dawowa.

Kulu ta fara zuwa wurina bayan an gama sussukar shinkafa, shekara biyu bayan korona. Daji ne ya kama ta a mama. Mutuniyar wata tunga ce a bakin gulbi, gaba da Wara. Mijinta Malam Bawa manomi ne, mutum mai fara'a, irin wanda ba ya son a ce yau ga mummunan labari. In sun dawo daga babban asibiti a Sakkwato sukan yada zango a shagona, ta kwanta a tabarmar ciki ta huta kafin su nemi mota. Likitanta ya yarda da cittar da ruwan kurkura da man, ya hana wata saiwar Indiya da ake kira ashwaganda, ni ma na mayar da saiwar kan kantar shago. Ranar farko da ta kwance ɗankwali na ga gashin da ban cika ganin irinsa ba, kitso biyu har gadon baya. Zuwanta na uku babu rabinsa. Daga nan ban sake ganinta ba, Malam Bawa kaɗai yake zuwa ranar kasuwa ya sayi kayan. In na tambaya ya ce jiki da sauƙi, ta wuce gida a motar farko.

A farkon damina ya shigo da ƙunshin bandar kifi a hannu, mata uku na bin bayansa.

Ya ce, "Hajiya, albishirinki."

Na ce goro.

"Mutuniyarki ta tashi. Amai ya tsaya, tuwo take ci kamar mai noma. Gashi kuwa ya hito, baƙi wuluk. Ga waɗannan ma sun biyo ni, man nan suke so."

Ɗaya daga cikin matan ta ce ƙanwarta ce ke da ƙullutu a mama, an ce su tafi asibiti, amma tunda ga magani a kusa, ina amfanin wahala. Na tambayi Malam Bawa yaushe rabonsu da Sakkwato. Ya yi dariya, ya gyara hula, ya ce ai wanda ya warke ba ya neman likita. Na sake tambaya. Ya dubi ƙasa ya ce tun kafin azumi.

Ban sayar wa matan nan ko cokali ba. Na gaya wa mai ƙanwa ta kai ta asibiti a makon nan, in likita ya ba ta izini ta dawo wurina. Suka fita suna gunaguni, ina jin ɗaya tana cewa an ga 'yan ƙauye za a ja musu rai. Washegari da safe na rufe shago na bi Malam Bawa.

Mota ta kai mu Wara, daga nan muka shiga jirgi mai inji. Lokacin ruwa ya ja baya sosai. Duk wanda ya san gulbin nan ya san a irin wannan lokacin ne kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka yi dam aka tare gulbin suke fitowa, farare tas, babu ɓawo babu reshe, a tsaye kamar mutanen da aka ce su jira. A wani wuri matuƙin ya kashe inji ya koma tuƙi da gora. Ya ce a nan tsohon garinsu yake a ƙasa, masallaci da maƙabarta da komai, ba a wucewa ta kai da hayaniya, ba a kuma kiran sunan kowa. Malam Bawa da bakinsa bai huta ba tun Yelwa, shi ma ya yi tsit. Rana tsaka ce, amma babu abin da kake ji sai ɗigar ruwa daga gora.

Tun daga zaure na ji turare. Ba turaren marhabin ba ne, mai yawa ne, kasko biyu a ƙofar ɗaki ɗaya. Wanda ya yi jinyar mai daji ya san abin da ake rufewa da irin wannan hayaƙin. Kulu tana zaune a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, kanta a buɗe, matan maƙwabta sun kewaye ta. Gashin ya fito kuwa, gajere, mai laushi, a nannaɗe kamar na jaririn da ba a yi wa askin suna ba. Duk wadda ta shigo sai ta shafa ta ce tubarkalla. Fuskarta ta ciko. Amma hannunta na hagu ya kumbura, tana riƙe da shi nesa da jikinta kamar ba nata ba. A cikin ɗaki na hango kwalabena an jera su a kan kantar ɗakin tsakanin kwanukan jere, an goge su suna ƙyalli.

Mahaifiyarta, Inna Dije, ita ta kawo mini ruwa. Tsohuwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Tun da ciwon ya fara ta baro gidanta ta dawo jinya. Kulu 'yar farinta ce, don haka ba ta kiran sunanta, ba ta kallon idonta, in za ta yi zancenta sai ta ce waccan. Ku riƙe wannan, domin a nan abin yake.

Na nemi buta zan kewaya in yi alwala, aka nuna mini hanya ta bayan ɗakin Kulu. Ina shan kwana na tsaya cik.

Ƙananan tudunni ne a jere, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. An shafe su da hannu sun yi sumul. A kan kowanne an kifa tsingaron tukunya, an ɗora ƙaya. Layi ne ya taso daga gindin bango ya nufi danga, ya juyo ya sake wani. Duk sun fuskanci gefe ɗaya. Kaji na kiwo a tsakar gida, amma ko ɗaya ba ta zagayo nan ba. Na ga maƙabartu a rayuwata, ban taɓa ganin wadda ta tsorata ni kamar wannan ba, don na kasa gane ko ta su wa ce.

Ban ji tahowarta ba, sai muryarta a bayana. Inna Dije ta ce gashin waccan ne, na ƙarshen nan kuma faratanta ne da suka cire. Ta faɗa mini abin da ni ma na taso na tarar, cewa abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a barinsa a sarari. In tsuntsu ya yi sheƙa da gashinka ba ka rabuwa da ciwon kai, in maƙiyi ya tsinta ya sami abin aiki. Mu dai in mun yi tsifa, ɗan abin da ya maƙale a matsefi muke dunƙulewa mu tura a ƙasa da yatsa, shi ke nan. Amma wannan ba ɗan dunƙule ba ne. Kullum da safe sai ta tarar da shi cike da matashi, ta kwashe, ta ɗauki fartanya. Da kaji suka tone na farko, ta fara sa tsingaro da ƙaya. Ta ce ko sili ɗaya ba ta bari ya ɓace ba, ta faɗe shi kamar mai ba da amanar da ta cika.

Na ɗaga kai. Tagar ɗakin Kulu tana daidai saman wurin.

Bayan azahar na sallami matan, na ce zan duba ta. Muka shiga ɗaki na saki labule. Na ga abin da na gani, ba sai na kwatanta muku ba. Ciwon ya buɗe, akwai kuma sabon ƙullutu a hamata. Na fara shirya yadda zan gaya mata cewa ba maganina ne ya dawo da gashin ba, sai ta riga ni.

"Hajiya, kar ki wahal da bakinki. Na san ba manki ba na. Tun da na bar zuwa asibiti ya hito."

Na ce to me ya sa ta bari ake yaɗawa. Ta ce da me za ta zauna gida in ba da wannan ba. In ta ce ta gaji, a ɗauke ta a sa a jirgi. In aka ce maganin Indiya ya warkar da ita, kowa ya huta, Malam ya sami abin faɗa a bakin masallaci. Na ce aman ne ya kore ta, ko gyambon baki, domin in su ne akwai dabara. Ta girgiza kai, ta nuna taga da haɓa.

"Kullum ina kwance nan, gari na wayewa, sai in ji fartanya. Ƙwas, ƙwas. Sannan in ji ana turawa, ana daddaɓawa da hannu. Ina raye, ina jin Inna na turbuɗe ni kaɗan-kaɗan. Leƙa ki gani."

Na leƙa. Daga sama abin ya fi fitowa. Layukan sun cinye bayan ɗakin, sai wani fili siriri da ya rage tsakanin tudu na ƙarshe da danga. Ta ce ta auna shi da ido ba sau ɗaya ba, tsawonta ne daidai. Ranar da ta gane haka ta ce ba ta sake komawa. Tun da gashi ya daina zuba, fartanya ta yi shiru, ta sami barci.

Na tambaye ta ko ta taɓa gaya wa Inna. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce matar da ba ta taɓa kiran sunanta ba, wadda wannan ginar ita ce kaɗai maganar da take yi mata, ta yaya za ta ce ta daina.

Na zauna a bakin gado ina lissafi irin namu na kasuwa. Wa'azi ba zai yi ba, ta fi ni sanin halin da take ciki. In na ce wa tsohuwa al'adarta banza ce, na rasa ta, na rasa gidan. Sai na tuna abin da na gani a Indiya. A can, kafin gashi ya fara zuba, ma'aikatan jinya sukan ba mutum shawara ya aske gaba ɗaya. Ba don yana rage ciwo ba, don kada mutum ya riƙa tashi kullum yana tsintar kansa a kan matashi. Na ce mata, in an aske yau, abin binnewa sau ɗaya ne, kuma ita za ta zaɓi wurin. Ta shafa sabon gashin nan da hannunta mai lafiya, ta daɗe tana shafawa.

Ta ce, "In na koma zan warke?"

Na ce, "Ban sani ba. Amma in ba ki koma ba, na sani."

Na fita na sami Inna Dije tana tankaɗe, na ce ta zo ta taya ni ganin wani abu. Ban kai ta bayan ɗaki ba, ɗakin Kulu na shigar da ita, na tsayar da ita a bakin taga. Ashe tunda ta zo gidan ba ta taɓa leƙawa ta nan ba, kullum daga ƙasa take ganin aikinta, a sunkuye, ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Inna, in baƙo ya leƙa nan, me zai ce ya gani?" Ta ce ai gashi ne, ba gawa ba. Na ce na sani, amma mai gadon nan abin da take buɗe ido a kai ke nan.

Tsohuwar ta daɗe a tsaye. Ina kallon idonta yana bin layin, ya juyo, ya bi na biyu, har ya kai ga filin da ya rage. A nan ya tsaya. Ta yi salati a hankali. Ba ta juyo ta dubi 'yarta ba, ta fita. Can sai muka ji ƙarar tsingaro, tana kwashe su tana tarawa. Ta ɗebe ƙayar da hannu, ba ta ko nemi sanda ba, ta baje tudunnin da tafin ƙafa har wurin ya koma fili.

Da ta dawo, Kulu ta ciro sabuwar reza daga ƙarƙashin matashi, ta ajiye a tabarma a gabanta, ta juya mata baya ta zauna. Inna ta jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu ta fara. Na shimfiɗa farin ƙyalle ina tare abin da ke faɗowa. Da aka gama Kulu ta ƙulle shi da kanta ta ɗaure a bakin zaninta, ta ce wannan ba a gidan nan za shi kwana ba.

Saura aikina. Na sa Malam Bawa ya tara matan da suka shafa kan nan da mazan da ke zaure, na faɗa musu da bakina cewa maganina bai warkar da kowa ba, ba zai kuma warkar ba. Gashin da suka gani alamar an bar maganin asibiti ne, ciwon yana nan yana ci. Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin mai talla tana kushe hajarta ba. Na ce, "Baba, ba kushewa na yi ba, nauyinta na faɗa. In na ƙara wa mudu gindi, gawa za a auna mini." Malam Bawa bai yi dariya ba ranar. Ya tambayi mazan zaure kawai ko akwai jirgin safe.

A gidana suka sauka a Yelwa. Kafin su hau motar Sakkwato, Kulu ta gina rami da hannunta a gindin darbejiyar da ke tsakar gidana, ta sa ƙullin, ta tura ƙasa, ta taka. Ba tsingaro, ba ƙaya. Likita ya gaya musu gaskiya, cewa watannin da aka bari sun ci, ciwon ya matsa, sai an canza magani kuma zai fi na farko wuya. Haka aka yi. Na ci gaba da ba ta cittar da ruwan kurkura, abin da ya yarda da shi kaɗai. Wani zuwan suna taimakawa, wani zuwan ko ruwa ba ya zama a cikinta. Amma ba ta sake tsallake ko ɗaya ba.

Da kaka ruwa ya cika ya wuce inda ya saba, ya shiga tungar ya ci dangar bayan ɗakin, ya kwashe ƙasar wurin. Bayan ya ja na je duba ta. Muna dosar gaɓa matuƙin ya nuna mini wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa. Sheƙunan ƙananan tsuntsaye ne a jikinta, kuma daga wasunsu baƙaƙen silalla dogaye suna reto, iska na kaɗa su. Inna Dije tana zaune a bakin ruwa tana wanke tukwane, ta ba bishiyar baya. Kulu ce ta fito tarbata, kai a ɗaure, ta rame ƙwarai. Ta bi inda nake kallo ta ce, "Bar su, Hajiya. Sun fi ni buƙatarsa. Kaina kuwa bai yi ciwo ba."

Tana nan da ranta har yau. Likita bai ce ta warke ba, yana dai cewa ta dawo a duba, tana kuma komawa. Gashin ya sake fitowa bayan an gama, amma fari fat kamar auduga, ga ta ba ta kai arba'in ba. Matar nan mai ƙanwa ban sake ganinta ba, ban san inda suka ƙare ba, kuma abin yana dawo mini.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, a sana'ar nan ba mai zagin kayanki ne abin tsoro ba. Shi ya sha bai ji daɗi ba, ya faɗa, an wuce wurin. Mutanenmu ba sa cewa sun ji tsoro, ba sa cewa sun gaji, sai su nemi abin da za su fake a bayansa, kuma kwalbarki tana iya zama wannan abin. Ki san iyakar abin da ke cikinta, ki riƙe. Ni dai har gobe, in wani ya shigo yana murmushi ya ce maganina ya yi abin al'ajabi, ba godiya nake fara yi ba. Mayafina nake nema in bi shi gida.